Kiwon Kifi Haɗe Da Lambu: Darasi Domin Samarin Ƙanƙara Da Faskari Da Sabuwa

Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa tana kudancin Jihar Katsina, inda damina ta fi ƙarfi, ƙasa kuma ta fi albarka. Nan a ke noma masara da dawa da auduga da waken soya da shinkafa, har a cika kasuwannin Funtuwa da Ɗandume da Sheme. Amma duk wanda ya zauna ƙauyukan nan ya san yadda shekara ta ke tafiya. Ruwa ya kan sauka wajen watan Mayu, ya ɗauke wajen Oktoba. Da an gama kaka an kai amfani gida, sai aiki ya ƙare. Saurayin da ba shi da fadama, ba shi da jari, ba shi kuma da sana'ar hannu, ko dai ya saɓi jakarsa ya tafi cin rani Kano ko Kaduna ko Ikko, ko kuwa ya zauna gindin bishiya wata shida yana jiran hadari.

Bayan wannan kuma ga wata masifa da ta auko. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Jihar Zamfara, Sabuwa kuwa da Jihar Kaduna, ga dazuzzuka masu duhu tsakani, inda 'yan bindiga suka sami maɓoya. Ba a manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, sa'ad da aka kwashe yara fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, har Allah ya sa aka sako su bayan kwana shida. A watan Satumba na 2021 kuma aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku. A shekarun nan manoma da yawa sun bar gonakinsu na nesa, suka takura ga na bakin gari.

Saboda haka a ke neman sana'ar da saurayi zai yi cikin gida ko bayan gida, wadda ba ta bukatar fili babba, ba ta shan ruwa da yawa, ba ta kuma jiran damina. Ɗaya daga cikin irin waɗannan sana'o'i ita ce kiwon kifi haɗe da lambu. An shirya wannan darasi domin saurayin da ya shiga koyonta, ko ya ke niyyar shiga, da kuma iyayensa, don kowa ya san abin da ke cikinta, daɗinta da wuyarta.

MECE CE WANNAN SANA'A?

Turawa suna ce da ita akwafonik. Sun haɗa kalmomi biyu ne, ɗaya tana nufin kiwon kifi, ɗaya tana nufin shuka cikin ruwa ba tare da ƙasa ba. Ga yadda abin ya ke a taƙaice. A kan zuba kifi cikin tanki a riƙa ba shi abinci. Ruwan da kifin ya ɓata da ƙazantarsa, maimakon a zubar, sai a tura shi ta bututu zuwa fangalin da aka cika da tsakuwa aka dasa ganye. Ganyen ya sha abin da ke cikin ruwan ya zama takinsa, ruwan ya tsabtata, ya komo wa kifi. Haka ruwa ɗaya zai yi ta kewayawa dare da rana.

Asalin dabarar daɗaɗɗe ne. Manoman ƙasar Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna sakin kifi cikin gonakin shinkafa, kifi na cin ƙwari yana ba shinkafa taki. A nan ƙasar ma duk mai kiwon tarwaɗa ya san inda ya ke zubar da ruwan tafkinsa ciyawa ta fi yin kore shar. Abin da masana suka ƙara shi ne awo da lissafi. Wani masani, Dokta James Rakocy, shi da abokan aikinsa na Jami'ar Tsibiran Virgin, sun yi shekaru tun daga wajen 1980 suna gwada yawan kifin da zai ciyar da yawan ganye. A shekarar 2014 kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, ta buga littafi musamman domin masu ƙaramin ƙarfi. Awon da za a gani nan gaba ya bi abin da wannan hukuma ta shawarta.

HALITTU UKU DA A KE KIWO

Wanda ya dubi tanki da fangali zai ce abu biyu a ke kiwo, kifi da ganye. Alhali kuwa uku ne, na ukun ba a ganinsa da ido, kuma shi ne ginshiƙin aikin duka. Wanda bai gane wannan ba, kifinsa zai mutu bai san dalili ba.

Kifi in ya ci abinci ya kan fitar da wani guba mai suna amoniya, yawancinsa ta wurin numfashinsa da ke gefen kai, saura kuma ta kashinsa da abincin da ya ruɓe. In amoniya ta taru cikin tanki, ko kaɗan ce, sai ta ƙone wa kifi wurin numfashi, ya daina ci, ya mutu. To, Allah cikin ikonsa ya halicci waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda a ke kira bakteriya, masu zama jikin tsakuwa mai laima. Ƙungiya biyu ne. Ta farko ta kan cinye amoniya ta mai da ita naitirayit, wanda shi ma guba ne. Ta biyu ta kan cinye naitirayit ta mai da shi naitiret. Shi naitiret ba ya cutar kifi sai ya yi yawa ainun, kuma shi ne abincin da saiwar ganye ke nema, irin wanda manomi ke saye cikin buhun takin zamani.

Watau kifi ke ciyar da ƙwayoyin nan, ƙwayoyin su ciyar da ganye, ganye ya wanke wa kifi ruwa. In ɗaya ya yi rauni, sauran biyun sun shiga uku. In kifi ya fi ƙarfin fangali, guba ya taru. In ganye ya fi ƙarfin kifi, ganyen ya yi rawaya don yunwa. In ƙwayoyin suka mutu, kome ya tsaya. Gwanintar sana'ar nan duka ita ce daidaita waɗannan uku.

KAYAN AIKI

Iri uku a ke ginawa. Akwai na fangalin tsakuwa, akwai wanda a ke jera ganye cikin dogayen bututu masu huji, akwai kuma wanda ganye ke iyo bisa faifan soso a kan ruwa mai zurfi. Na biyu da na uku suna bukatar matata ta dabam da ƙarin sani. Na farko shi ya fi dacewa da mai koyo, gama tsakuwar ita ce matata, ita ce gidan ƙwayoyin, ita ce kuma ke riƙe saiwa. Ga abin da za a tanada:

1. Tankin roba mai cin lita 1,000, wanda ba a taɓa zuba maganin ƙwari ko fetur ko wani guba a ciki ba. A yanke samansa, a yi masa murfin raga.

2. Fangali mai zurfin santimita 30. A kan yi shi da duron roba da aka tsaga biyu, ko da wani tankin da aka yanka, a ɗora bisa bulo ko katako mai ƙarfi, gama tsakuwa da ruwa suna da nauyi.

3. Tsakuwa mai girman gyaɗa zuwa goro ƙarami, a wanke ta sarai. A ɗiga mata ruwan lemon tsami a gani. In ta yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne, zai ɓata ma'aunin ruwa, kada a yi aiki da ita.

4. Ƙaramin injin tura ruwa, wanda zai iya juya ruwan tankin duka aƙalla sau ɗaya cikin awa guda, da ƙaramin injin hura iska cikin ruwa.

5. Bututu da mahaɗansu. A kan shirya wani bututu cikin fangali yadda in ruwa ya cika zai zuƙe shi da kansa ya koma tanki, sa'an nan ya sake cika. Wannan hawa da sauka shi ke ba saiwa da ƙwayoyin nan iska.

6. Farantin sola da batir. A ƙauyukan da wutar lantarki ba ta kai ba, ko ba ta tsayawa, wannan tilas ne.

7. Kwalaben gwajin ruwa, da sikeli ƙarami na awon abinci, da littafi da alƙalami.

KIFI DA GANYEN DA SUKA DACE

Kifi biyu aka fi kiwo a ƙasar nan, tarwaɗa da karfasa. Tarwaɗa ta fi sauƙi ga mai koyo, domin tana iya ɗago kai ta shaƙi iskar sarari, tana jure cunkoso, 'ya'yanta kuma sun fi samuwa wurin masu ƙyanƙyasa. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon irin wannan tarwaɗa. In ta sami abinci mai kyau ta kan kai wajen kilo guda cikin wata shida. Aibinta ɗaya: babba na cin ƙarami. Don haka sai a riƙa tankaɗe su, a ware manya daga ƙanana. Karfasa ba ta da wannan hali sosai, amma ba ta jure rashin iska kamar tarwaɗa, sanyi kuma ya fi damunta.

Wajen shuka, a fara da masu ganye: alayyafo, latas, lansir, ɗoɗɗoya, yakuwa, rama. Waɗannan ba su da ci da yawa, kuma su kan isa yanka cikin mako huɗu zuwa shida bayan dashe. In wuri ya yi wata uku ko huɗu ya kafu, a iya sa tumatir da attarugu da kokwamba da kuɓewa. Masara da dawa da gero da rogo ba nan ne wurinsu ba. Wannan sana'a ba ta maye gurbin gonar damina, ƙari ce a kanta.

LISSAFIN DAIDAITO

Ga ƙa'idar da ta wajaba kowane ɗalibi ya haddace. Yawan abincin da a ke ba kifi kullum shi ke nuna faɗin fangalin da za a shuka. Kowane murabba'in mita na masu ganye yana bukatar a ba kifi giram 40 zuwa 50 na abinci a rana. In masu 'ya'ya ne, kamar tumatir, sai giram 50 zuwa 80.

Misali. Tanki mai lita 1,000 kada mai koyo ya bar nauyin kifin ciki ya wuce kilo 20. Kifin da ya tasa ya kan ci kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a rana. In an ɗauki kashi 1, kilo 20 na kifi zai ci giram 200. A raba 200 da 50, a sami 4. Watau wannan tanki zai ciyar da fangali mai murabba'in mita 4. Kowane murabba'in mita yana ɗaukar latas 20 zuwa 25, ke nan gindi 80 zuwa 100 a lokaci guda. In tumatir ne, gindi 4 zuwa 8 a murabba'in mita.

A lura da kyau, nauyin kifi a ke dubawa ran da ya girma. 'Ya'yan tarwaɗa 200 ba su cika tafin hannu biyu ba ran da aka sayo su, har mutum ya ga kamar tankin ya yi musu yawa. Bayan wata huɗu kuwa sun fi ƙarfin tankin da fangalin nesa. Zari a nan shi ne mafarin hasara.

Game da ruwa, akwai awo huɗu. Na ɗaya, ma'aunin tsami, wanda a ke rubutawa pH: 7 shi ne tsakatsaki, ƙasa da haka tsami, sama da haka ya karkata wajen toka. Ana so ya zauna tsakanin 6 da 7. Na biyu da na uku, amoniya da naitirayit, kowanne kada ya kai miligiram 1 cikin lita. Na huɗu, zafin ruwa, tsakanin digiri 18 da 30 na ma'aunin Salshiyas. Aikin ƙwayoyin nan ya kan sa ruwa ya riƙa tsami a hankali. Maganinsa a daka ɓawon ƙwai a ƙulla cikin tsumma a jefa cikin ruwan. Kada a kuskura a sa kanwa ko gishiri, gama ganye ba ya jure su.

Ribar ruwa kuwa babba ce. Abin da ke raguwa a rana, ta tururi da shan ganye, kashi 1 zuwa 3 ne cikin 100, watau lita 10 zuwa 30 a irin wannan tanki. Bokiti ɗaya ko biyu ke nan. Mai lambun fadama ya san ruwan da ya ke ɗiba kafin ya shayar da gindi ɗari.

YADDA A KE FARAWA

Ran da aka gama haɗa kaya ba ran nan a ke zuba kifi ba. Tsakuwa sabuwa ba ta da ƙwayoyin da za su cinye guba, sai an ba su lokaci sun yaɗu. A cika ruwa, a ta da inji, a riƙa zuba ɗan abincin kifi kaɗan ya ruɓe ciki, ko a sa kifi biyar ko shida kawai. A riƙa gwada ruwa. Da fari amoniya za ta hau, sa'an nan ta sauka naitirayit ya hau, daga baya shi ma ya sauka naitiret ya bayyana. Wannan ya kan ɗauki mako uku zuwa biyar. Sai an ga haka a zuba sauran kifi, shi ma kaɗan kaɗan. Wanda ya sami tsakuwa cikin kwano daga fangalin wani da ya riga ya kafu, ya zuba cikin nasa, ya rage kwanakin jira.

Ruwan rijiya da na burtsatse da na sama duk suna yi, amma a gwada su tukuna. In ruwan famfo ne mai maganin kulorin, a bar shi a buɗe kwana biyu kafin a zuba.

AIKIN KULLUM

Da asuba, bayan salla, mai wuri ya fara duba inji yana aiki, ruwa yana gudu. Ya dubi kifi: suna iyo da kuzari, ko sun taru sama suna haki? Ya auna abinci ya ba su rabi, rabi kuma da la'asar. Abin da ba su cinye cikin rabin awa ba ya kwashe shi, gobe ya rage. Ya cire mataccen kifi nan da nan in akwai. Ya bi ganye ɗaya ɗaya ya duba ƙarƙashinsa, ya tsince tsutsa da hannu. Ya cika ruwan da ya ragu. Sa'an nan ya rubuta cikin littafi: ranar, nauyin abinci, abin da ya mutu, abin da aka yanka, abin da aka sayar.

Sau ɗaya a mako ya gwada ruwa da kwalabe, ya wanke bakin inji, ya buɗe bututun da saiwa ta toshe. Kada ya yanke ganye duka rana ɗaya, domin in fangali ya zama wayam babu mai shan naitiret. Sai ya raba shi kashi huɗu, kowane mako ya yanki kashi ɗaya ya dasa sabo nan take. Ta haka kowace ranar kasuwa yana da abin kaiwa.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. In kifi ya ƙi ci, ko ruwa ya yi wari, ko ya yi kumfa, akwai dalili. Abin yi na farko shi ne a tsai da abinci, a ƙara iska, a gwada ruwa, a canja kamar kashi ɗaya cikin uku nasa. Kifi ya kan yi kwana biyu ko uku bai ci ba lafiya lau, amma ba ya kwana cikin guba. In kuma sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa na kore, alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce, sai a nemi shawarar malamin gona.

HUNTURU DA BAZARA

Cikin Disamba da Janairu ruwa ya kan yi sanyi da dare, kifi ya rage ci, ƙwayoyin ma su rage aiki. Sai a rage abinci, a lulluɓe tanki da buhuna ko zana, a kuma kare fangali daga ƙura. Wannan ne lokacin latas. Cikin Maris da Afrilu kuwa rana ta kan yi zafi ƙwarai, ruwa mai zafi ba ya riƙe iska, gubar amoniya kuma ta fi ƙarfi cikinsa. Lalle tanki ya zauna cikin inuwa, a yi wa fangali rumfar da za ta rage rana ba ta tare ta duka ba. Latas ya kan yi tsiri ya yi ɗaci a wannan lokaci, sai a koma alayyafo da kuɓewa da yakuwa.

ABUBUWAN DA AKA HANA

Kada a fesa maganin ƙwari ko na ciyawa, ko kusa da wurin. Abin da ya taɓa ganye zai sauka ruwa, ya kashe kifi. Ruwan taba ma guba ne ga kifi. Kada a wanke hannu da sabulu cikin tanki. Kada a bar kaji da awaki su hau fangali, gama kashinsu na ɗauke da cutar da za ta kama mai cin ganyen. A wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a ci ko a sayar. Kada a bar wayar lantarki tsirara kusa da ruwa. Kada a bar tanki a buɗe a gidan da ke da yara ƙanana.

IRIN HORON DA YA KAMATA

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kwana uku ko mako guda cikin aji ya isa mutum ya ji bayani, amma bai isa ya iya ba. Horo na ƙwarai shi ne wanda ɗalibi zai haɗa kaya da hannunsa, ya jira ƙwayoyin su kafu, ya yi renon kifi tun yana ɗan yatsa har ranar sayarwa, watau wata shida ko fiye, malami na zagayowa yana duba littafinsa. Wanda za a zaɓa ya zama mazaunin gari, mai wurin ajiye kaya, mai ruwa kusa, wanda kuma ya iya karatu da ɗan lissafi, ko da boko ko da ajami. 'Yan mata da matan aure ma suna iyawa sarai, tun da aikin na cikin gida ne.

A ɗauka ga samari biyu an horar da su tare, an ba kowanne tanki da inji da 'ya'yan kifi. Na farko ya isa gida ya zuba kifi ran nan, ya ƙaro waɗansu don ya sami riba da yawa, yana watsa musu abinci da hannu ba awo. Ran kasuwa ya tafi ya kwana, batir ya mutu da dare. Da gari ya waye sai ya tarar da kifi sun juya ciki sama. Ya ce sana'ar ƙarya ce, ya sayar da tankin. Na biyu ya jira makonsa huɗu, ya zuba kifi kaɗan, ya koya wa ƙanensa yadda zai duba inji in ba ya nan. Watansa na farko bai sayar da kome ba, abokansa na yi masa dariya. A wata na biyu gidansu ya daina sayen alayyafo. A wata na bakwai ya sayar da kifi, ya ware kuɗin abinci da na 'ya'yan kifi tukuna, sa'an nan ya taɓa saura. Kayansu ɗaya, malaminsu ɗaya, bambancinsu haƙuri da awo.

Iyaye ma suna da nasu aiki. In an ba yaro kaya, uba ya sa ido kada a kai su kasuwa, kada kuma a mai da farantin sola na cajin waya a bar kifi ba iska.

GASKIYAR MAGANAR RIBA

Ba daidai ba ne a gaya wa saurayi tanki ɗaya zai mai da shi attajiri. Tanki mai lita 1,000 zai ba gida ganyen miya duk shekara, da kifi, da ɗan abin kaiwa kasuwa. Makaranta ce, kuma mafari ne. Kayan farawa suna da tsada, abincin kifi kuma shi ke cin fiye da rabin kuɗin da mai kiwon tarwaɗa ke kashewa. Wanda ba ya rubuta abin da ya kashe ba zai san ko yana ci gaba ko yana ci baya ba.

Hanyar da ta fi ita ce samari biyar ko goma su haɗa kai su yi ƙungiya. Su sayi abinci buhu buhu maimakon mudu mudu, su yi tarayya cikin kwalaben gwaji, su jera lokacin zuba kifinsu yadda ba za su fito kasuwa rana ɗaya su karya wa juna farashi ba. Tun kafin kifi ya girma su san mai saye: masu gashin kifi, da masu sayar da abinci a Ƙanƙara da Funtuwa da Malumfashi. Abin da bai shiga ɗanye ba a yi bandarsa, gama kifin banda ya kan daɗe bai lalace ba, ya kan kuma yi tafiya mai nisa. Kasuwa kuwa tana nan, tun da har yanzu Nijeriya na sayo daskararren kifi mai yawa daga ƙasashen waje don abin da a ke samu a gida bai isa ba.

INDA ZA A NEMI TAIMAKO

Wanda ke son ƙarin bayani ya fara da sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa, da malaman gona na Hukumar Raya Aikin Gona da Karkara ta Jihar Katsina, watau KTARDA. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen koyar da kiwon kifi. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar yaɗa dabarun noma ta Jami'ar Ahmadu Bello, a Sabuwar Busa ta Jihar Neja kuma akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa. Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1986, ita ma tana horar da matasa sana'o'in gona. Gani ya kori ji: kafin mutum ya kashe ko kwabo, ya je ya ga inda a ke yi, ya tambayi mai wurin abin da ya taɓa kashe masa kifi.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Waɗanne halittu uku a ke kiwo cikin wannan sana'a, mene ne kuma aikin kowanne?

2. Don me ba a zuba kifi duka ran da aka gama haɗa kaya?

3. In kifi na cin giram 150 a rana, murabba'in mita nawa na alayyafo zai ciyar, in an ɗauki giram 50 ga kowace mita?

4. In aka tashi da safe aka ga kifi sun taru sama suna haki, me za a fara yi?

5. Don me aka hana fesa maganin ƙwari, da me kuma za a yi maganin tsutsa?

Wanda ya amsa waɗannan ba tare da ya duba baya ba, ya isa ya fara wanke tsakuwa. Allah ya ba da sa'a, ya kuma kawo zaman lafiya a ƙasa.